Layin Sauran Ƙasashe

Nashiru ya yi musun aurena a gaban mutane saboda ƙullin daddawa. Laifinsa ke nan, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Latifatu, ki yi haƙuri, maza duk haka suke," ku karanta wannan tukuna, sannan ku gaya min mazan wane gida kuke nufi.

Ga wanda bai san mu ba, ni 'yar Maamobi ce a Akra. Babana, Malam Abubakari, tela ne, shagonsa yana bakin babbar kwatar da ta ratsa unguwarmu. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ƙanwar Baba, Goggo Suweiba, ita ta riƙe ni. Nashiru kuwa ɗan Nima ne, boga, irin waɗanda suka je Jamus suka dawo suna taka ƙasa kamar za ta ɓata musu takalmi. Ya ajiye fasfon Gana ya karɓi na Jamus, ja, kuma ba ya sa shi a jaka. A aljihun gaban riga yake soke shi, kansa a waje, ko da masallaci za shi.

Ba wanda ya yi min dole. Ni na ce ina so. Yana da fara'a, ya iya gaisuwa, yana durƙusa wa Baba har ƙasa. Goggo kuwa tun ranar da ta hango jan abin nan a aljihunsa ta daina kiran sunansa, sai "ɗana na Hambok," wato birnin da yake zaune a Jamus. Aka ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Shirin shi ne in bi shi da bizar ziyara in ga inda zan zauna, mu dawo a Disamba a yi babban biki, daga nan in tare can gaba ɗaya.

Ranar tafiya Goggo ta shirya ni kamar za a kai ni gasa. Leshi ruwan zuma mai nauyin tabarma, ɗaurin ɗankwali da sai na sunkuya nake shiga mota, mayafi mai duwatsu, takalmi mai tsini, lalle har gwiwar hannu. Na ce mata an ce can sanyi ake yi. Ta ce, "Sanyin ya san 'yar wa ya gani."

Muna shirin fita sai ga mahaifiyar Nashiru, Mma Awabu. Daddawa take sayarwa a kasuwar Nima tun kafin a haife shi. Ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana, tafin hannunta ya rine ya yi baƙi saboda aikin kalwa. Ta miƙo min wani ƙulli a cikin leda, an naɗe da tsohuwar atamfa.

"'Yata, ga ta mijinki. Shi ya ce in yi masa sabuwa. Tun yana yaro ba ya shan miya sai da ita."

Nashiru ya shinshina ƙullin ya lumshe ido. "Mma, wannan kaɗai nake kewa a Turai." Ya juyo gare ni. "Sa a jakar hannunki. Tawa akwai kwamfuta."

Ku riƙe wannan. Shi ya roƙa, shi ya ce in ɗauka.

A cikin jirgi wani ya danna akwatinsa a kan jakata, ledar ta fashe. Ban sani ba sai da muka sauka, muka shiga wani dogon zaure mai haske kamar asibiti, inda ake duba fasfo. Wanda ya san daddawa ya san ba ta neman izini kafin ta yi sallama. Mutane suka fara waige-waige. Wata yarinya ta ja rigar sanyinta ta rufe hanci.

Layi biyu ne a wurin. Ɗaya gajere, na 'yan ƙasa, yana tafiya kamar ruwa. Ɗaya kuma ya nannaɗe ya cika zauren, na sauranmu. Ni ban taɓa fita Gana ba, ko Lome ban sani ba. Na kama hannun rigar mijina na riƙe.

Wata ma'aikaciya mai tsara layi ta zo ta dube mu, ta yi masa magana da Jamusanci tana nuna gajeren layin da hannu. Nashiru ya sa yatsu biyu ya cire hannuna daga rigarsa, yadda ake cire kyankyaso. Ya ba ta amsa mai tsawo, ya taɓa hancinsa, ya yi dariya. Ita ba ta yi dariyar ba. Ya zaro jan fasfonsa ya wuce, ko waige babu.

Na shiga dogon layi ina ce wa kaina wataƙila doka ce. A gabana na ga wani tsohon Bature riƙe da jakar matarsa, baƙar mace mai kitson Asante, an nuna musu gajeren layin sun bi tare. Na sake ce wa kaina wataƙila dokarsu daban ce. Mace in tana son ta kare namiji ba ta rasa hujja.

"Ke 'yar wace ce?"

Hausa ce, a bayana. Na juya na ga wata babbar mace sanye da rigar sanyi a kan atamfa, da takalmin 'yan ƙwallo. Hajiya Mas'uda ke nan, 'yar Alajo, tana safarar tsofaffin firji daga Hambok zuwa Akra, ta shekara da shekaru tana bin hanyar nan.

"'Yar Malam Abubakari tela, na Maamobi."

"Wancan mai tafiya kamar an ɗaura masa katako fa?"

"Mijina ne."

"To shi bai sani ba," in ji ta. "Matar nan tambayarsa ta yi ko ke matarsa ce, ku bi gajeren layi tare. Ya ce ke ba matarsa ba ce, a jirgi ya gan ki kika manne masa."

Na ji takalmin ya yi min tsawo. Hajiya ta tallafe ni ta karɓi jakar.

"Akwai sauran abin da ya faɗa, amma ba yau ba. Ƙafarki ma da ƙyar take ɗauke da ke. Daddawar waye wannan? Mai kyau ce."

Ta haɗa min wayata da intanet ɗin wurin. Nan take saƙonninsa suka shigo a jere.

"Ina wajen ɗaukar kaya. Ki daina kallona."

"Adireshi yana cikin wayarki in sun tambaya."

"Ki jefar da abin nan a bola."

Ban jefar ba. Na tsaya a layin nan har lallen ƙafata ya fara yi min zafi a cikin takalmi, ɗankwalin Goggo ya karkace gefe guda. Da na isa taga, Hajiya ce ta tsaya kusa tana yi min alama da kai, ba mijina ba. Kafin mu rabu ta sa min lambarta a waya.

A ɗakinsa, wanda gado da murhu da wurin rataye kaya duk suna iya gaisawa da hannu, na tambaye shi. Bai ma ajiye cokali ba.

"Haba, ba ki san tsarin Turai ba. Da na ce ke matata ce, da sun tsare mu duka suna bincike. Taimakonki na yi."

Miyar da yake sha a lokacin da daddawar nan na yi ta. Haka ya yi ta sha har ƙullin ya ƙare, yana suɗe kwano da yatsa, yana cewa hannun Mma daban ne. Amma in za mu fita, sai ya sa ni in rataye mayafina a taga ya sha iska, kuma a cikin jirgin ƙasa kujera ɗaya yake bari a tsakaninmu.

Na aika wa Goggo saƙon murya ina kuka, na ce ba zan dawo in zauna da mutumin nan ba. Amsarta ta zo kafin in share hawaye.

"Layi? A kan layi za ki kashe aure? Ni da na tsufa a layin famfo, wa na saka? An yanka anko, matan Nima da Maamobi da Sabon Zongo duk sun kai ɗinki, an kama wurin biki. Ki wanke fuskarki ki ɗauko mana hoto a cikin ƙanƙara."

Na kira Baba. Ya saurara har na gama. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki dawo tukuna."

To, Disamba ta yi, muka dawo. Na san in aka yi bikin nan ranar Asabar, an gama da ni. Zan koma ɗakin nan, in yi ta dafa wa mutum abin da yake ƙyamata saboda shi, a ƙasar da ko sunan titinmu ban iya faɗa ba.

Jirginmu ya sauka filin jirgin Kotoka na Akra da hantsi. Duk wanda ya san Akra a Disamba ya san yadda baƙi suke kwararowa shagalin ƙarshen shekara. Zauren duba fasfo ya cika maƙil. A sama an rataye alluna: nan 'yan Gana da maƙwabta, can kuma sauran ƙasashe. Layin sauran ƙasashe ya kai har matakala, Turawa masu jakar goyo da baƙaƙen Amurka masu hular kaba suna ta fifita da fasfo. Namu kuwa mutum kaɗan ne.

Nashiru ya sha farar shadda tun daga Hambok, domin ya shirya wa kansa tarba. Samarin majalisarsu ta Nima suna waje da riguna masu hotonsa, har da makaɗa. Wayarsa sai ƙara take yi. Ya dubi layin can, ya dubi na nan. A karo na farko tun da na san shi, na ga ya zare jan fasfon daga aljihun gaba ya tura shi cikin aljihun wando. Sannan ya kama hannuna.

"Amaryata, zo mu bi nan."

Hannunsa da gumi.

A taga wata ma'aikaciya ce mai tabarau, ta kai sa'ar Goggo. Na miƙa nawa. Ta miƙa hannu tana jiran nasa. Nashiru ya fara zuba mata Turanci yana haɗawa da yaren Tuwi, yana cewa shi ɗan gida ne, a Nima aka yanke masa cibiya, kowa ya san shi. Ta bar shi ya gama, hannunta yana nan a miƙe. Dole ya fito da shi. Ta juya jan fasfon gaba da baya.

"Kai ne ɗan Nima," in ji ta, "wannan kuwa ba ɗan Nima ba ne."

"Tare muke, madam. Matata ce wannan."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Mijinki ne?"

Masu karatu, ban shirya komai ba, kuma ba a yi min tarbiyyar ƙarya ba. Abin da na sani na faɗa.

"Madam, da za mu tafi mijina ne. Da muka isa can, aka yi masa irin tambayar nan, ya ce ni ba matarsa ba ce, a jirgi ya tsince ni. Tun ranar ban samu malamin da zan tambaya matsayina ba. Don haka ban sani ba."

Wani mutum a bayanmu ya yi tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Ma'aikaciyar ta buga min hatimi, ta ce min barka da dawowa gida. Ta tura masa nasa da ɗan yatsa.

"Oga, layinka yana can."

"Latifa," ya ce ƙasa-ƙasa, "kada ki yi min haka. Mutane suna jira a waje."

Na wuce. Da na isa inda akwatuna suke zagayawa, na hango farar shaddarsa can ƙarshe, a bayan wani Bature mai gajeren wando. Yana ta ɗago min hannu. Na ciro waya na rubuta masa: "Ina wajen ɗaukar kaya. Ka daina kallona."

Ina fitowa makaɗa suka ɗauka. Samari suka taso da hoton Nashiru a ƙirji, Goggo a gaba tana rangaɗa guɗa, ta ma sa ankon tun kafin ranarsa don a gani. Mma Awabu tana can gefe riƙe da kwanon tuwo a naɗe cikin tawul. Suka leƙa bayana, ba kowa.

"Ina angon?" in ji Goggo.

"Yana layin sauran ƙasashe."

Wani daga cikin samarin ya maimaita wa na bayansa, na bayan ya maimaita wa na gaba. Kafin Nashiru ya fito rana ta take, makaɗa sun tafi sallar azahar ba su dawo ba, samarin da suka rage sun cire rigunan suna goge gumi da fuskarsa.

Washegari bayan la'asar aka zauna a tsakar gidanmu. Baba ya kira Malam Nuhu, limamin da ya ɗaura auren. Goggo tana kan kujera tana karkaɗa ƙafa, Mma Awabu a kan tabarma, Nashiru a kan benci, fasfon ya koma aljihun gaba. Ni kuma na kira Hajiya Mas'uda, wadda ta riga mu dawowa. Ta taso daga Alajo a tasi, ta cika ƙofa da sallama.

Malam Nuhu ba ya dogon zance.

"Nashiru, ka ce yarinyar nan ba matarka ba ce?"

"Malam, ai da Jamusanci na faɗa."

"Allah yana jin Jamusanci. Magana biyu ce. In da niyyar rabuwa ka faɗa, ka faɗa mana yanzu. In ba da ita ba ne, to ƙarya ka yi, aure yana nan. Wanne ne?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi Baba. "Ƙarya ce, Malam. Amma ta dole."

"Alhamdu lillahi," in ji Goggo, har da shafa fuska. "Ashe ƙarya ce kawai."

Ban taɓa ganin an yi murna don an tabbatar suruki maƙaryaci ne ba sai ranar. Malam ya fara gyara rawani zai yi addu'ar sulhu. Baba ya sunkuyar da kai. Na ji Asabar ta taso ta zauna min a ƙirji.

Sai Mma Awabu ta yi magana, muryarta ƙasa.

"Wace dolen ce?"

"Mma, tsarin can ne, ba za ki gane ba."

"Ni na gane," in ji Hajiya Mas'uda. "Ina tsaye a wurin, kuma na fi shi daɗewa a ƙasar. Ba tsari ba ne. Bayan ya ce ba matarsa ba ce, cewa ya yi irin mutanen nan ba su san tsabta ba, ruɓaɓɓen abu suke ɗaukowa daga ƙauyukansu su cika wa mutane wuri da wari. Ya toshe hanci, ya yi dariya. Ko Baturiyar kunya ta ji."

Mma Awabu ta juyo gare ni. "Wane ruɓaɓɓen abu, 'yata?"

Na so in yi shiru saboda ita. Amma ta tsare ni da ido.

"Ƙullin da kika ba ni, Mma. Ledar ce ta fashe."

Mma Awabu ta buɗe tafukan hannunta ta zuba musu ido.

"Kun zubar?"

"A'a. Ya shanye ta a miya."

"Mma, ki bari in yi bayani," in ji Nashiru.

"Ka yi bayaninka da Jamusanci, an gaya min." Ba ta ɗaga murya ba. "Da hannun nan na dafa kalwar, na wanke, na rufe ta ta nuna. Warin nan ne a zanen da na goya ka. Shi ne a jikina ranar da na kai ka makaranta, shi ne ranar da na raka ka filin jirgi kana kuka a kafaɗata. Yarinyar nan rana ɗaya ta ɗauke shi, kuma kai ka aike ta, ka ce ba matarka ba ce. Ni da nake ɗauke da shi tun kafin a haife ka, in na zo layin fa, me za ka ce?"

Kowa a wurin ya san amsar.

Ta sake juyowa gare ni. "Kina son zaman nan?"

Tun da aka fara wannan magana, daga Hambok har Maamobi, ita ce ta farko da ta tambaye ni.

"Ba na so, Mma."

"Sake ta," ta ce wa ɗanta.

Goggo ta miƙe tsaye. "Yaya, ka yi magana mana. Anko fa? Mutane sun ɗinka."

Baba ya ɗago kai. "Ni na ɗinka rabinsu, Suweiba. Ban sa wa ko ɗaya ranar lalacewa ba. Su sa da Sallah."

Nashiru ya sake ni a gaban Malam Nuhu kafin a kira magariba. Mma Awabu ta sa aka fitar da akwatunansa daga gidanta, ta ce tana tsoron kada kayansa su ɗauki wari. Sauran hutunsa a ɗakin otal ya yi shi a Alajo, yana sayen abinci a bakin titi kamar kowane baƙo. Ranar da zai koma ba wanda ya raka shi filin jirgi. A Nima yanzu ba mai ce masa boga. Yara da manya, har masu sayar da koko, Sauran Ƙasashe suke kiransa.